Bishara da Tutar Ingila: Awon Labarai Biyu a Kan Zuwan Mishan Arewa

Gabatarwa

Kusan kowace shekara, idan muka kai darasin tarihin ikkilisiya a Nijeriya, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya kawo tambayar da aka yi masa a inda yake hidima. Wani lokaci malamin sakandare ne ya yi ta, wani lokaci maƙwabci Musulmi a teburin mai shayi, yanzu kuwa galibi ɗan ikkilisiya ne da ya dawo hutu daga jami'a da waya a hannu. Tambayar ɗaya ce ko an sake mata riga: ashe ba Turawan da suka ci ƙasarmu da bindiga ne suka kawo mana wannan addini ba? In haka ne, me ya raba shi da haraji da aikin tilas?

Mukan tambayi ɗalibin, "To, me ka ce masa?" Amsar ba ta wuce biyu. Ko ya ce bishara ta isa Habasha tun kafin ta isa Ingila, ko ya ce ai Turawan mulki su ne ma suka hana 'yan mishan shiga ƙasar sarakuna. Duka biyun gaskiya ne. Duk da haka mai tambayar yakan tafi bai gamsu ba, kuma yana da dalili, domin an ba shi rabin labari ne.

'Yan'uwa abokan hidima, wannan ba gardamar aji kaɗai ba ce. Saurayin da ya gano daga baya cewa fastonsa ya ɓoye masa wani sashe na tarihi zai fara shakkar sauran abin da faston ya gaya masa, har da gicciye da tashin matattu. Saboda haka a wannan nazari za mu ɗora labarai biyu a kan ma'auni: labarin masu zarginmu, da labarin da mu kanmu muke bayarwa a bukukuwan cika shekara. Za mu tsaya a kan Arewacin Nijeriya, domin a nan ne tambayar take samunmu.

Labarin mai zargi, da inda ya yi gaskiya

Mai zargi yana cewa mishan da mulkin mallaka hannu biyu ne na mutum ɗaya, ɗaya riƙe da Littafi, ɗaya riƙe da bindiga. Kafin mu yi gaggawar musu, ya kamata mu ji hujjojinsa yadda masana tarihi na Jami'ar Ibadan, J. F. Ade Ajayi da E. A. Ayandele, suka tono su daga wasiƙun 'yan mishan kansu a littattafansu na 1965 da 1966.

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko jiragen ruwa uku su hau Kogin Kwara. A cikinsu akwai jami'an gwamnati masu neman yarjejeniya da sarakuna, akwai masu shirin buɗe gonar gwaji a inda Kwara da Binuwai suka haɗu, akwai kuma ma'aikatan mishan na CMS, wato J. F. Schön da Samuel Ajayi Crowther. Tun ranar farko ke nan bishara da kasuwanci da gwamnati suka shigo a jirgi ɗaya. A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Legas luguden wuta, suka tuɓe Sarki Kosoko suka naɗa Akitoye, kuma 'yan mishan na cikin waɗanda suka yi ta roƙon a yi hakan, da hujjar hana cinikin bayi da kare masu bi na Abeokuta. A 1892 aka ci Ijebu da yaƙi, 'yan mishan suka yi murna, kuma bayan yaƙin ne mutanen Ijebu suka shigo ikkilisiya da yawa. Taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda ƙasashen Turai suka tsara yadda za su raba Afirka, ya sa a rubuce cewa za a ba 'yan mishan kariya ta musamman.

A Arewa ma hujja ba ta ƙare ba. Likita Walter Miller na CMS, wanda mutanen Zariya suke kira Likita Mila, ya yi maraba da cin masarautun Fulani, yana ganin hakan zai kashe bauta ya kuma buɗe wa bishara ƙofa. Ya taimaki gwamnatin Frederick Lugard, wato Gwamna Lugga, da juya sanarwarta zuwa Hausa. Hanns Vischer, wanda aka sani da Ɗan Hausa, ya zo ƙasar nan a matsayin ɗan mishan, daga baya ya koma aikin gwamnati, shi ne ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Da Karl Kumm da abokansa na SUM suka iso a 1904, Lugga ne ya nuna musu Wase su fara. A 1909 gwamnati ta miƙa wa SUM yaran da aka 'yanta daga bauta, aka raine su a gidan da mishan ta gina a Rumaisha. A wurare da yawa na Filato da Kudancin Zariya, sai da sojoji suka yi sintiri suka ƙone ƙauyuka suka karya ƙarfin mutane, sa'an nan aka ba ɗan mishan izini ya shiga. Tsohon da ya ga farar fata da bindiga bana, ya ga wata farar fata da Littafi baɗi, ba shi da laifi in ya ɗauka 'yan gida ɗaya ne.

Mai hidimar da bai san waɗannan abubuwa ba, ko ya sani ya ƙi faɗa, bai shirya amsa kowa ba.

Inda labarin mai zargi ya karye

Amma labarin yana da rauni babba: yana ɗaukar abin da ya faru a wani wuri ya shimfiɗa shi a ko'ina. Akwai maganar nan da ake yawan jinginawa ga Jomo Kenyatta, cewa Bature ya sa mutane rufe ido su yi addu'a, da suka buɗe sai suka tarar ƙasa ta koma hannunsa, Littafi ya dawo nasu. Maganar tana da tushe a Kenya, inda Turawa manoma suka ƙwace tsaunuka masu albarka suka zauna. A Arewacin Nijeriya tafiyar ta bi wata hanya dabam.

Da farko, a duba lokaci. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, waɗanda suka kafa SIM, sun sauka Legas a Disamba 1893. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, kimanin shekara biyar kafin a ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900. Babu soja a gabansu, babu albashin gwamnati a bayansu. A 1900 Bishop Herbert Tugwell da ayarinsa, har da Likita Mila, suka isa Kano, Sarki Alu ya umarce su su bar garin. Lugga bai ji daɗin wannan tafiya ba, domin ta dagula masa shiri.

Na biyu, a duba manufa. Bayan an ci Kano a Fabrairu 1903 da Sakkwato a Maris, Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta sa hannu a addininsu ba. Waɗanda suka biyo bayansa, irin su Gwamna Girouard da Charles Temple, suka fassara alkawarin da cewa ba za a bar mishan ta shiga masarautu ba. Mulkinsu ya dogara ne ga sarki da alƙali da hakimi, kuma ɗan mishan mai koya wa talaka karatu yana kai ƙarar zalunci wurin Razdan ƙaya ne a ƙafarsu. Likita Mila ya sami zama cikin birnin Zariya daga 1905, amma a 1929 aka fitar da aikin zuwa Wusasa. Sai a tsakiyar shekarun 1930, da gwamnati da En'e suka rasa mai kula da masu ciwon kuturta, aka buɗe wa mishan ƙofa a wurare irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, da Molai a Borno.

Na uku, a duba su waye suka zo. Kumm Bajamushe ne. Niels Brønnum da ya fara aiki a Numan a 1913 mutumin Danmak ne. Stover Kulp da Albert Helser da suka fara a Garkida a 1923 Amurkawa ne, kuma sai da suka sha jayayya da hukuma kafin a bar su su zauna. A Nijar, 'yan SIM masu jin Ingilishi suka shiga Damagaram a 1924 a ƙarƙashin Faransawa da ke kallonsu da zargi. Wane mulkin mallaka ne ɗan Danmak yake yi wa aiki a bakin Binuwai?

Na huɗu, a duba 'ya'yan itacen. Makarantun mishan sun fitar da mutanen da suka tsaya a gaban Bature suka nemi 'yanci. Dokta R. A. B. Dikko, ɗan makarantar Likita Mila kuma likitan farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Fasto David Lot ya jagoranci neman haƙƙin ƙananan ƙabilu. Kuma in bishara jelar mulkin mallaka ce, ya kamata ta bushe ranar da aka sauke tutar Ingila a 1960. Ƙidayar 1952 ta nuna Kiristoci kimanin kashi 3 cikin 100 na Jihar Arewa. Ta 1963, duk da gardamar da aka yi a kanta, ta nuna kusan kashi 10. Aikin Sabon Rai Don Kowa da ya biyo baya, manoma da mata 'yan zumunta ne suka ɗauke shi gida gida. Mai zargi ba shi da bayanin wannan, domin a labarinsa baƙar fata ba ya zaɓen kome, yi masa ake yi. Wannan raini ne ga kakanninmu, ko da an faɗe shi da sunan kare su.

Labarinmu, da inda muke ɓoye cibi

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Yanzu mu sauko kan namu tudun. Duk wanda ya karanta ƙananan littattafan da muke bugawa idan ikkilisiya ta cika shekara 50 ko 100 ya san fasalinsu. Ana farawa da duhu, sai Bature ya zo da haske, sai jerin sunayen Turawa da shekarunsu, sai hoton kabari, sai jerin shugabanni na yanzu. Muna da gunaguni huɗu a kan wannan labari.

Na ɗaya, hujjar Habasha. Gaskiya ne Sarki Ezana na Aksum ya karɓi bangaskiya a ƙarni na huɗu, gaskiya ne Tertullian da Augustine 'yan Afirka ta Arewa ne, gaskiya ne Habasha mai bin Almasihu ta karya sojojin Italiya a Adwa a 1896. Wannan ya isa ya nuna cewa Kiristanci bai fara daga Turai ba. Amma bisharar da ta iso Panyam da Kagoro da Garkida ta biyo ta Legas da Lakwaja ne, a bakin Turawa, a zamanin mulkinsu. Mai tambaya a kan Kagoro yake tambaya. In muka gudu Habasha, ya san mun gudu.

Na biyu, hujjar cewa gwamnati ta hana mishan. Ita ma gaskiya ce, amma mu lura da irin kukan da yawancin 'yan mishan suka yi. Ba su ce Ingila ba ta da ikon mulkar ƙasar nan ba. Abin da suka ce shi ne, gwamnatin Kirista ta ci ƙasa amma ta ƙi buɗe wa bishara hanya. Faɗansu da Razdan faɗan 'yan gida ɗaya ne a kan yadda za a yi mulki. Batun ko ya halatta a yi mulkin tun farko, kaɗan ne suka ɗaga shi. Mu kuwa mukan ba da labarin kamar 'yan mishan 'yan gwagwarmayar neman 'yanci ne.

Na uku, girman kai na launin fata, wanda littattafanmu suke tsallakewa. An keɓe Crowther ya zama bishop a 1864, baƙar fata na farko a ikkilisiyar Angilikan. A 1890, a wani taro a Onitsha, samarin Turawa 'yan mishan suka dakatar da ma'aikatansa baƙaƙe, har da ɗansa Dandeson, a gaban idonsa. Tsohon ya mutu ranar 31 ga Disamba 1891, aka maye gurbinsa da Bature, kuma sai da aka yi kimanin shekara 60 kafin a sake ba ɗan ƙasa dayosis a Nijeriya. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, waɗannan samari masu ƙwazon addu'a ne da neman tsarki, kuma burinsu su kai bishara ƙasar Hausa. Ƙwazon ruhaniya bai warkar da su daga raini ba. A tsakiyar ƙasar nan ma, SUM ta iso a 1904, amma sai a 1938 reshenta na Ingila ya naɗa fastoci 'yan ƙasa na farko, Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot. An hana ganga da kaɗe-kaɗen gida a sujada a wurare da yawa, an sa mutane su ga sunayen kakanninsu kamar ƙazanta, ba tare da an zauna an rarrabe abin da yake na tsafi da abin da yake na al'ada kawai ba.

Na huɗu, kuma wannan ya fi ciwo, labarinmu yana shafe mutanenmu. Aikin Schön a kan harshen Hausa, har ƙamusunsa na 1876, ya dogara ƙwarai ga wani yaro Bahaushe da aka 'yanta mai suna Dorugu. Isawa, waɗanda suka riƙe girman Isa tun kafin su ga Bature, su da kansu suka nemi Likita Mila a 1913, aka kafa musu mazauni a Gimi kafin ciwon barci ya watsa shi. A kowace gunduma akwai mai dafa abinci, ko mai ɗaukar kaya, ko wanda ya warke a asibitin kutare, da ya koma ƙauyensu ya tara mutane a gindin bishiya. Shi ya sha duka, shi aka hana mata, shi aka kora daga gona. Sunansa ba ya cikin littafin biki. Ta wannan hanya mu da mai zarginmu mun haɗu a kuskure ɗaya: dukanmu mun mai da Bature shi kaɗai ne mai aikatawa.

Awon hujjar fassara

Amsa mafi ƙarfi da aka bayar a wannan muhawara ta fito ne daga Lamin Sanneh, ɗan Gambiya da ya tashi a gidan Musulmi ya zama mai bi, ya koyar a Ibadan da Legon har ya ƙare a Jami'ar Yale. A littafinsa na 1989 ya nuna cewa duk abin da ɗan mishan ya ƙudura a zuciyarsa, ranar da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen mutane ya saki linzami. Dole ya karɓi sunan da mutanen suke kiran Mahalicci da shi, dole ya zauna a gaban tsoho ya zama ɗalibi, kuma da zarar mutane sun iya karatu za su auna shi kansa da Littafin da ya ba su.

Mun ga gaskiyar wannan. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 ya kira Uban Ubangijinmu Yesu da suna Allah, bai shigo da kalmar Ingilishi ba. Masu bi da suka karanta labarin Fitowa da annabcin Amos ba su bukaci wani ya gaya musu abin da Allah yake cewa a kan aikin tilas ba.

Amma a ƙasarmu hujjar Sanneh tana ɗingishi da ƙafa ɗaya. Yawancin waɗanda suka karɓi bishara a Arewa ba Hausawa ba ne. Ga Berom da Tarok da Bajju da Bachama, Hausa harshen kasuwa ne, harshen hakimin da aka ɗora musu da ɗan sandan En'e. Domin sauƙin aiki, mishan da yawa suka mai da Hausa harshen makarantar Littafi da littafin waƙoƙi, kamar yadda gwamnati ta mai da ita harshen mulki. Tibi sun sami cikakken Littafi a harshensu a 1964, amma ƙabilu da dama sun yi shekaru suna jira, wasu har yau suna jira. Ke nan abin da ya 'yantar da mu ta wani gefe, ya taimaka wajen danne harsunan iyayenmu ta wani gefen. Wannan ɗan littafi da kuke riƙe da shi, da Hausa aka rubuta shi, kuma da yawa cikin masu karanta shi ba da Hausa uwa ta yi musu wasa ba. Muna godiya domin harshen da ya haɗa mu, muna kuma tambaya ko tsohuwar da ke bencin baya tana jin wa'azinmu har zuci.

Gadon da ya rage a hannunmu

Turawa sun tafi. ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, tarayyar ikkilisiyoyin da SUM ta haifa ta kafu a 1955. Abin da ya fi muhimmanci ga mai hidima yau shi ne ya gane abin da aka bar mana da muke ɗauke da shi kamar Nassi ne.

Babban cikinsu taswira ce. Gwamnatin mallaka ta raba Arewa gida biyu, ƙasar Musulmi da abin da ta kira ƙasar arna, ta ce wa mishan ga naku, ga inda ba naku ba. Kumm kuma ya yi mafarkin jerin tashoshin mishan daga Kwara har Nilu, su zama shinge da zai tare Musulunci. Taswirar gwamnati da shingen Kumm suka haɗu suka zauna a kawunanmu. Shi ya sa har yau a bakin mutanenmu da yawa, Bahaushe yana nufin Musulmi, Kirista kuma yana nufin ɗan ƙabila. Shi ya sa Bahaushe ko Bafulatani mai bi yakan shiga majami'armu a dube shi da gefen ido, a tambaye shi asalinsa, a yi jinkirin ba shi 'ya. Masihiyawa na Kano da Katsina da Zariya suna shan wariya a gida domin sun bi Almasihu, su zo wurinmu su sha wata domin su Hausawa ne. Ba mu manta da majami'un da aka ƙone da 'yan'uwan da muka binne ba, kuma tsoron da ke cikin garkenmu yana da dalili. Amma ikkilisiyar da ta ɗauki kanta shinge ta daina zama ƙofa, alhali Afisawa sura 2 tana koya mana cewa aikin gicciye rushe katangar gaba ne. Layin da Razdan ya ja domin sauƙin karɓar haraji, bai kamata ya zama iyakar Babban Umarni ba.

Gado na biyu salon shugabanci ne. Gidan ɗan mishan yakan kasance can gefe a kan tudu, ma'aikaci baƙar fata yana tsayawa a baranda. Yau wa ke cikin gidan? Idan mai bishara na ƙauye ya yi wata uku ba albashi, ya zo hedkwata ya wuni a benci yana jiran a ce ya shigo, to abin da aka yi wa ma'aikatan Crowther muke maimaitawa, launin fata kawai ya sake.

Gado na uku jingina ga mai mulki ne. Bulus ya yi amfani da 'yancinsa na ɗan Roma a Filibi da Urushalima domin a bi shari'a, amma bai taɓa roƙon rundunar Kaisar ta share masa hanya ba. 'Yan mishan da suka yi murna da cin Ijebu sun sami cikar majami'a, suka bar mana tambayar da muke fama da ita bayan shekara fiye da 100. Wanda ya ci ladan mai mulki zai yi masa aiki. Mu tuna da wannan duk ranar da ɗan siyasa ya zo harabar ikkilisiya da alkawarin mota ko rufin kwano.

Yadda za mu amsa

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye zunubin Dawuda ba, bai ɓoye ranar da Bulus ya tsauta wa Bitrus a Antakiya saboda ya janye daga cin abinci da al'ummai ba. Ba mu da izinin yi wa 'yan mishan abin da Nassi bai yi wa manzanni ba. A Farawa 50:20 Yusufu ya shaida cewa Allah ya juya muguntar 'yan'uwansa ta zama ceton mutane da yawa, amma bai fasa kiranta mugunta ba. Haka za mu riƙe abu biyun tare. Cin ƙasa da bindiga zunubi ne, raina baƙar fata zunubi ne, kuma wasu da suka kawo mana bishara sun sa hannu a ciki. Waɗannan mutane kuma sun binne 'ya'yansu a ƙasarmu, sun wanke gyambon da danginmu suka guje wa, sun ba mu Maganar da ta hukunta su ta kuma hukunta mu. Tukwanen ƙasa ne, kamar yadda 2 Korintiyawa 4:7 ta kwatanta dukan masu hidima. Bangaskiyarmu ga dukiyar da ke ciki take.

Saboda haka idan saurayin nan ya sake zuwa da wayarsa, kada mu yi masa tsawa. Mu ce masa ya zauna. Mu fara da abin da ya faɗa daidai, mu ƙara masa da wanda bai sani ba, Legas da Ijebu da Onitsha. Sa'an nan mu kai shi Girku da Wusasa. Daga ƙarshe mu aike shi wurin dattijo mafi tsufa a ikkilisiya da littafin rubutu, ya tambayo sunan mutumin da ya fara kawo bishara ƙauyen, abin da aka yi masa, da dalilin da ya sa bai fasa ba. Dattawan nan suna ƙarewa, kuma abin da suka sani ba ya cikin kowane kundi a Landan.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wa ya fara yin wa'azi a garin da kake hidima? Sunansa yana cikin tarihin ikkilisiyarku da aka rubuta? In babu, wa zai rubuta shi, kuma yaushe?

2. Karanta Galatiyawa 2:11-14. Wane tebur ne a ikkilisiyarku da Bahaushe ko Bafulatani mai bi bai isa ya zauna a kai ba tukuna?

3. Waɗanne al'adu ne aka hana a yankinku da sunan bangaskiya? Ku rarrabe waɗanda Nassi ya hana da waɗanda ɗabi'ar baƙo ce ta hana.

4. Kwatanta Ayyukan Manzanni 16:35-39 da dangantakar ikkilisiyarku da masu mulki a yau. Ina iyakar neman haƙƙi, ina kuma farkon jingina?